Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Littattafan Jirgin Sama da Na Fi So

Ɗalibai kan tambaye ni irin littattafan da nake karantawa idan na ajiye na nahawu da adabi, amsar da nake bayarwa kuwa takan ba su mamaki. A ɗakin karatuna akwai kanta guda da na keɓe wa tarihin jirgin sama da rayuwar masu aiki da shi, yawancin littattafan da Faransanci, saura da Ingilishi. Mamakin nasu yana da hujja, domin ni haifaffen Zangon Sokode ne, a tsakiyar ƙasar Togo, garin da ko jirgin ƙasa bai taɓa isa ba. Layin dogon da Jamusawa suka faro daga Lome a Atakpame ya tsaya, Faransawa suka ja shi zuwa Blitta cikin shekarun 1930, daga nan aka bar shi. Akwai ɗan filin jirgin sama a bayan garinmu, akwai wani a Dapaong inda na fara aikin koyarwa, amma mai niyyar tafiya ta sama daga garuruwan nan biyu sai ya hau mota ya gangara Lome, tafiyar kilomita fiye da 300 daga Sokode, fiye da 600 daga Dapaong. Mu da ƙugi muka san jirgi, da kuma farin zanen da yake bari a sararin samaniya idan ya wuce.

Wannan ya sa karatun da nake yi wa littattafan nan ya bambanta da na wanda ya tashi kusa da babban filin jirgi. Kusan dukkansu daga kujerar matuƙi aka rubuta su, ido yana duban ƙasa daga nesa, ni kuwa ina cikin mutanen da ake hangowa. Ina son su, zan kuma faɗi dalilin son kowanne, sai dai duk shafin da na buɗe nakan nemi inda mutumin ƙasa ya fito, in ga yadda aka zana shi. Abin da na samu a wannan nema shi nake so mu tattauna, domin ya shafi aikin da ke jiran ɗalibin Hausa.

Masu kai wasiƙa ta kan Sahara

Da Antoine de Saint-Exupéry na fara, kamar akasarin waɗanda suka yi makaranta da Faransanci. Littafinsa Terre des hommes, wato Duniyar 'Yan Adam, ya fito a 1939. Marubucin matuƙi ne. A 1926 ya shiga kamfanin da ke ɗaukar wasiƙu daga Toulouse ta Faransa zuwa Kasablanka da Dakar, wanda daga baya ya yi suna da Aéropostale. Jiragen wancan zamani inji ɗaya gare su, matuƙi yana zaune a fili iska na dukansa, idan injin ya mutu kuwa sai dai a sauka duk inda aka samu. Saboda haka bibbiyu suke ratsa hamada, domin in ɗaya ya faɗi ɗayan ya sauka ya kwashi mutane da buhunan wasiƙa. A 1927 aka naɗa shi shugaban tashar Cap Juby, inda ake kira Tarfaya yanzu a kudancin Maroko, teku a gaba rairayi a baya. Aikinsa ya haɗa da neman matuƙan da suka faɗi, da sasantawa da Larabawan hamada da ke kama su don karɓar fansa.

Abin da ya riƙe ni a littafin shi ne yadda ya ɗauki aiki amana. Akwai labarin abokinsa Henri Guillaumet, wanda jirginsa ya faɗi a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka a 1930, ya yi kwanaki yana tafe cikin ƙanƙara, ba abin da ya hana shi kwanciya ya jira mutuwa sai tunanin matarsa da abokan aikinsa da ke sa ran yana nan yana tahowa. Wanda ya tashi a zango ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. Tsofaffinmu sun ba mu labarin fataken da akan ba saƙon kuɗi ko takarda daga Kano zuwa Salaga, su yi watanni a hanya, su gwammace rasa jaki da kayansa a kan rasa saƙon.

A wuri biyu mutumin ƙasa ya fito sosai a littafin. Na farko, a ƙarshen Disambar 1935 marubucin da makanikensa André Prévot suka faɗi a hamadar Libiya, suna ƙoƙarin zuwa Saigon daga Paris. Ƙishirwa ta kusa halaka su, sai ga wani Balaraben daji da raƙumi ya shayar da su. Marubucin ya yabe shi yabo mai ratsa zuciya, har ya mai da shi wakilin bil'adama baki ɗaya, amma bai faɗi sunansa ba, bai faɗi danginsa ba, balle inda ya fito da inda za shi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Bahaushe idan aka tsamo shi daga halaka, abin da zai fara tambaya shi ne sunan wanda ya cece shi da na mahaifinsa da garinsu, domin a san gidan da za a kai godiya, a kuma bar wa 'ya'ya da jikoki wasiyya.

Wuri na biyu ya fi gamsar da ni. A Cap Juby akwai wani bawa da iyayen gijinsa ke kira Bark, sunan da suke kiran kowane bawa da shi, amma shi ya riƙe sunansa na yanka, Muhammadu, ya kuma riƙe begen Marrakesh, garinsu. Marubucin ya tara kuɗi ya fanshe shi, aka sa shi a jirgi zuwa Agadir. A nan mutumin ƙasa ya sami suna da gari da tarihi, shi ya sa babin ya fi kowanne zama mini a rai.

Ƙagaggen labarinsa Vol de nuit, wato Tafiyar Dare, na 1931, dare ɗaya ne a ofishin kamfanin wasiƙu a Buenos Aires. Shugaban tasha Rivière yana jiran jirage uku, guguwa ta rutsa da ɗaya, na wani matuƙi Fabien. Wurin da nake yawan komawa shi ne inda matar Fabien ta zo ofis neman labari, ma'aikata suka rasa abin faɗa mata. Na san irin wannan jira. Ina yaro a Yulin 1991 jirgin alhazai da zai tafi Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Jirgin ba na alhazanmu ba ne, amma a ranar duk gidan da ke da mai aikin hajji a Zango rediyo aka kewaye, ba wanda ya kula da girki. Shi kuwa Mermoz na Joseph Kessel, na 1938, tarihin Jean Mermoz ne, wanda ya tsallake Tekun Atlantika daga Saint-Louis ta Senegal zuwa Natal ta Brazil a Mayun 1930, ya ɓace a tekun a Disambar 1936 bayan tashi daga Dakar. Littafin kirari ne daga farko har ƙarshe, ɗalibin da ya nazarci waƙoƙin maza zai gane salonsa nan take.

Ƙaddara a bakin matuƙi

Da Ingilishi akwai West with the Night na Beryl Markham, na 1942. Ta tashi a Kenya, ta yi aikin hango giwaye daga sama tana nuna wa mafarauta, a 1936 kuma ta tsallake Atlantika ita kaɗai daga Ingila zuwa Kanada. Alƙalaminta yana da daɗi, ta kuma ba abokin ƙuruciyarta Arab Ruta wuri mai daraja, ko da yake Afirkar tata ta Turawan gona ce.

Amma idan aka ce in zaɓi guda ɗaya a kan rayuwar ma'aikacin kamfanin jirgi, Fate Is the Hunter na Ernest Gann zan ɗauka, wanda ya fito a 1961. Ma'anar sunan ita ce ƙaddara ce mafarauciya. Gann ya tuƙa jiragen fasinja samfurin DC-2 da DC-3 a Amurka tun ƙarshen shekarun 1930, ya kuma yi jigilar kaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya buɗe littafin da jerin sunayen ɗaruruwan matuƙa da suka mutu a bakin aiki, sauran shafukan kuma tambaya ɗaya suke bi: me ya sa su suka tafi shi ya rage, alhali da yawansu sun fi shi gwaninta? Ya ba da labarin ranar da ya tashi daga Agra ta Indiya da jirgin da aka cika wa mai fiye da kima, saura ƙiris ya ruguza ginin Taj Mahal. Ya ba da na wata tafiya da ya kammala lafiya, sai daga baya injiniya ya nuna masa cewa wani ƙarfe da ke riƙe da wutsiyar jirgin ya zare tun a sama.

Littafin ya kuma nuna yadda ake koyon sana'ar. Mataimakin matuƙi yana shekaru a kujerar dama, yana shan faɗa, yana kallon hannun na gaba da shi, kafin a ba shi jirgi. Sokode garin direbobi ne, Kotokoli sun yi suna a duk Togo da tuƙin manyan motoci, don haka na san yaron mota da ke shekaru yana sa waigi a taya a hawan Alejo kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari. Tarbiyyar ɗaya ce. Haka ma ƙarshen maganar tasu ɗaya ce, domin direban da ya fi kowa duba birki shi ya fi kowa cewa sai abin da Allah Ya yi. Gann bai rubuta littafinsa da harshen addini ba, amma ya isa inda malamanmu ke cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ƙaddarar jirgi ta taɓa shiga siyasar ƙasarmu. Ranar 24 ga Janairun 1974 wani jirgin soja samfurin C-47, wato DC-3 irin wanda Gann ya tuƙa, ya faɗi a Sarakawa kusa da Kara, ɗauke da Shugaba Eyadema. An rasa rayuka, shugaban ya tsira. Ya ɗora laifin a kan maƙarƙashiyar baƙi masu hannu a haƙar fosfat, ba da jimawa ba ya mai da kamfanin haƙar mallakar gwamnati, ya ajiye sunan Étienne ya ɗauki Gnassingbé. An gina wurin tunawa a inda jirgin ya faɗi, wani babban otal a Lome ma sunan Sarakawa yake ɗauke da shi. Comi Toulabor, a littafinsa Le Togo sous Eyadéma na 1986, ya bi diddigin yadda aka mai da wannan haɗari ginshiƙin mulki. Nakan ajiye shi kusa da na Gann, domin su biyun maganar tsira daga faɗuwar jirgi suke yi: ɗaya tsirar ta koya masa ƙanƙan da kai, ɗayan aka gina mata hasumiya.

Jirgi ya bi sawun alhazai

Littattafan masana su ne suka kawo mini jirgi har gida. Air Empire na Gordon Pirie, na 2009, tarihin zirga-zirgar jiragen farar hula na Birtaniya ne daga 1919 zuwa 1939. Ya nuna cewa mulkin mallaka ne ya shata hanyoyin sama na farko a Afirka, domin wasiƙa ta yi sauri, jami'i ya isa da wuri, talaka kuma ya ɗaga kai ya ga ƙarfin mai mulkinsa. Ƙasar Hausa ta shiga wannan tarihi ranar 1 ga Nuwambar 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, lokacin da jiragen sojan Birtaniya uku ƙarƙashin Arthur Coningham suka iso Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, ya zarce Legas a shekarar. Da yaƙi ya ɓarke, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ayari-ayari su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, Aljinaina, Alfashir da Khartum har Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya.

Ku riƙe jerin garuruwan nan, sannan ku buɗe Across the Savannas to Mecca na J. S. Birks, na 1978, wanda ya yi nazarin hanyar alhazan Afirka ta Yamma ta ƙasa. Daga Kano zuwa Khartum garuruwan kusan duk su ne. Dalilin ba boyayye ba ne. Jirgin wancan zamani ba ya doguwar tafiya sai ya sauka ya sha mai, kamar yadda jaki ba ya wuce rijiya, inda za a sauka kuwa dole a sami ruwa da abinci da hukuma da hannayen da za su share fili. Waɗannan duka suna nan ne a inda matafiya suka daɗe suna ya da zango. Turawa sun auna hanyar sun zana ta a taswira, amma ƙafar mahajjata ce ta fara fitar da ita.

Wannan hanya ta ci mana mutum a gidanmu. Ƙanen kakana ya bar Sokode da ƙafa da niyyar hajji, ya bi ta Jugu ya shiga ƙasar Hausa, ya nausa gabas yana tafe yana ƙwadago. Labarin ƙarshe da ya iso gida shi ne yana noman auduga a Sudan, ya yi iyali, yana tara guzurin ƙarasawa. Sai da na karanta Permanent Pilgrims na Bawa Yamba, na 1995, na gane cewa irinsa al'umma guda ce a can, jikoki da tattaɓa-kunne da har yanzu ke ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Mahaifina kuwa a shekarun 1980 ya hau mota zuwa Lome, ya shiga jirgi, bai cika kwana arba'in ba ya dawo da zamzam da dabino. Tsakanin tafiyoyin biyu ko shekara hamsin babu. Jirgi ya buɗe ƙofar hajji ga mata da tsofaffi da ma'aikacin da ba shi da hutun shekaru, ya kuma mayar wa iyalai da mutanensu. Abin da ya tafi da shi shi ne karatun hanya, wato harsuna da malaman da mahajjaci ke zama gabansu gari-gari, irin abin da ya sa aka ce tafiya mabuɗin ilmi.

A kantar nan tawa har da Caravans of Kola na Paul Lovejoy, na 1980, ko da yake babu jirgi ko ɗaya a ciki. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya bayyana, fataucin da ya haifi zangunanmu. Wata hanya ta biyo ta Jugu da ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta Sokode ta ginu da 'yan kasuwa Musulmi, wata kuma ta bi ta Sansanne-Mango, kudu da Dapaong, garin da har yau sunansa ke ɗauke da kalmarmu ta sansani. Ayari yana da madugu da ke da alhakin rai da dukiya, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, da lokacin tashi, da kuɗin fito, da gaisuwar da ake kai wa sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Wanda ya san wannan tsari zai ga cewa kamfanin jirgin sama, da kyaftin ɗinsa da izinin ratsa sararin wata ƙasa, ba baƙon abu ba ne ga tunanin Bahaushe.

Barewa da giwa

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashenmu sun so su mallaki nasu fukafukai. A Maris na 1961 ƙasashe 11 suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde suka kafa Air Afrique, mai hedikwata a Abijan, Nijar na cikinsu, Togo ta shiga kafin ƙarshen shekarun 1960. Tambarinsa kan barewa ne. Najeriya kuwa tun 1958 take da nata, wanda aka sani da Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai. Shekaru da dama jiragen nan su ne gadar da ta haɗa Lome da Yamai da Dakar, Kano da Jidda da Landan. Bashi da yawan iyayen gida suka nakasa Air Afrique, Kamaru da Gabon suka fice tun shekarun 1970, karyewar darajar kuɗin sefa a 1994 ta ninka masa nauyin bashin waje, ya durƙushe a 2002. Giwar ma ta kwanta a 2003. A 2010 kamfanin ASKY ya fara tashi daga Lome da haɗin gwiwar jirgin Habasha, bisa jagorancin Gervais Koffi Djondo, ya ɗinke wani sashe na ɓarakar.

Dubban mutane sun ci abinci a inuwar waɗannan kamfanoni, Hausawa da yawa a cikinsu: masu awon kaya, masu yanka tikiti, direbobi, masu dafa abinci, jami'an alhazai, da 'yan kasuwar da ake kira 'yan Kano-Jidda. A Zangonmu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana awon kaya a filin jirgin Lome. Idan ya fara labarin lokacin tashin alhazai, yadda tsohuwa za ta zo da garin tuwo da kuka da daddawa ta ce ba ta rabuwa da su, yadda ake lallashin wanda bai taɓa hawa bene ba ya taka matattakalar jirgi, sai ka ga babin littafi sukutum. Abin da Gann ya yi wa abokan aikinsa, dattijon nan yana da kayan yin irinsa, alƙalami ne kawai babu.

Abin da harshe ya riga ya yi

Harshen Hausa bai jira marubuta ba. Jirgi asalinsa na ruwa ne, da sabon abu ya zo sai aka ce jirgin ƙasa, aka ce jirgin sama. Matuƙi daga tuƙa yake, aikin mai kwalekwale da filafilinsa. Tashi da sauka kalmomin ayari ne kafin su zama na filin jirgi, har yau kuma gidajen rediyo kan ce jirgi ya ya da zango a gari kaza, wato maganar fatake ce ta hau sama ba tare da an canza mata riga ba. Wanda ya ga yadda wani jirgi ke dira a tsaye ya tuna da tsuntsun mahauta, ya ce mai saukar ungulu. Wanda ya je hajji ba ta hannun hukuma ba an ce ya bi jirgin yawo. Da aka je wata, kumbo da ɗan sama jannati suka samu, Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo waƙa, Umaru Dembo kuma ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya kai yaron Bahaushe yawon sararin samaniya. Ɗalibin da ke neman batun nazari a kan ƙirƙirar kalmomi ko faɗaɗar ma'ana, ga fage a buɗe. Ya lura da abu ɗaya: kusan duk kalmomin nan daga idon mai kallo daga ƙasa suka fito. Harshen ya ajiye tarihin da littattafan matuƙa suka tsallake.

Abin da Dapaong ta koya mini

Lokacin da nake koyarwa a Dapaong, idan jirgi ya gifta yara kan ruga waje suna ɗaga masa hannu. Yanzu yankin yana cikin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga daga iyakar Burkina Faso, ƙugi daga sama kuma ya sake ma'ana. A Yulin shekarar, a ƙauyen Margba cikin gundumar Tone, wadda Dapaong ce hedikwatarta, wani jirgin soja ya buɗe wuta da dare kan wasu yara, bakwai suka mutu. Bayan 'yan kwanaki rundunar sojan Togo ta amsa cewa kuskure aka yi, an zaci ayarin 'yan bindiga ne. A Disambar 2023 irin haka ta faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna, inda jirgi marar matuƙi ya kashe masu taron Mauludi fiye da 80.

Tun daga nan karatuna na Saint-Exupéry ya ƙara nauyi. Shi mutum ne mai tausayi, idan ya hango fitila a ƙasa cikin dare yakan tuna cewa akwai rai a ƙarƙashinta. Amma hange, ko na mai tausayi ne, siffa yake nunawa, ba ya nuna suna. Daga sama taron biki da taron yaƙi kamanninsu ɗaya. Magabata sun ce hangen Dala ba shiga birni ba, sun faɗi haka kuwa tun mai hangen yana ƙasa. Yanzu da mai hangen ya koma sama, yana kuma riƙe da abin da zai iya kashewa, maganar ta wuce ta matafiyi mai ɗokin isa gida.

Don haka nake ba ku shawarar karanta littattafan nan, duk wanda hannunku ya kai gare shi. Za ku koyi yadda ake rubuta sana'a har wanda bai san ta ba ya ji ƙanshinta, da yadda ake bayanin inji ba tare da an gundiri mai karatu ba. Bayan haka ku waiwayi unguwarku. Akwai hajiyar da ta fara hawa jirgi a garinku, akwai tsohon ma'aikacin filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Yamai ko na Lome, akwai wanda kakansa ya tafi da ƙafa bai dawo ba. Yawancinsu sun haura saba'in. Ku je ku gaishe su, ku nemi izininsu, ku ɗauki maganarsu da Hausarsu yadda suka faɗe ta. Ku rubuta shekarar da abin ya faru, da kuɗin kujera a lokacin, da abin da aka ci a hanya, da wanda ya yi rakiya, da wanda ya tarbo. Kafin komai kuma, ku tambayi sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu, ku sa a shafin farko. Allah Ya ba da ikon yi, Ya sa mu ga littafin a hannunmu.